Fada da Gidan Sarki: Nazari a kan Fadojin Anka da Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da takan fito daga bakin 'yan boko da yawa waɗanda suka je Turai suka komo. Sukan ce sun shiga gidajen sarakunan can na shekara ɗari biyu ko uku, sun tarar da kome yana nan yadda mai shi ya bari, amma da suka waiwayo gida sai suka ga ba abin da za a nuna wa baƙo sai kufai da sabon ginin siminti. Daga nan sai a yanke hukunci, a ce Bahaushe bai san darajar tarihinsa ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan hukunci. Za a ɗauki fada guda ta ƙasar Jamus, watau Sanssouci, a jera ta da fadojin yammacin Zamfara guda uku, na Anka da Gummi da Bukkuyum. Dalilin wannan zaɓe biyu ne. Na farko, an gina Sanssouci ne a daidai ƙarshen zamanin Birnin Zamfara, tsakanin gininta da faɗuwar birnin bai kai shekara ashirin ba. Na biyu, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a kan tarihin Zamfara wani Bajamushe ne ya rubuta shi, a Anka kuma ya tattara labarinsa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, hukuncin nan ya faɗi gaskiya ta wajen gini, amma ya yi kuskure ta wajen ma'anar fada, kuma sai an raba waɗannan abubuwa biyu sa'an nan za a san abin da ya kamata a ceta.

2.0 Fadar Sanssouci

Sarki Firedirik na Biyu na ƙasar Furusiya shi ya sa aka gina Sanssouci a garin Potsdam, kusa da Berlin, daga 1745 zuwa 1747. Babban magininsa, Knobelsdorff, shi ya tsara ta bisa zanen da sarkin ya yi da hannunsa. Sunan Faransanci ne, ana furta shi Sansusi, ma'anarsa kuwa "ba damuwa". Ƙaramin gida ne ba bene, manyan ɗakunansa ba su wuce goma ba, yana zaune a kan tudu mai hawa shida wanda aka dasa wa inabi. Sarkin ya gina shi don ya riƙa gujewa hidimar mulki da bazara, ya yi busar sarewa, ya zanta da masana.

Salon adon gidan shi ake kira rokoko. Ya taso daga Faransa wajen 1730, sarakunan Jamus suka karɓe shi hannu bibbiyu. Sunan ya samo asali daga kalmar da ake kiran adon duwatsu da ɓawon katantanwa da ita. Alamarsa ita ce layi mai lanƙwasa: ganye da reshe da furanni da tsuntsaye, an sassaƙa su da itace ko an ɗora su da farar ƙasa, an shafe su da ruwan zinariya, sun taso daga bango sun haye rufi har ido ya kasa gane inda bango ya ƙare.

Firedirik ya mutu a wannan gida a 1786, kujerar da ya cika a kai tana nan a ɗakinsa. Sarauta ta ƙare a Jamus a 1918, daga 1927 kuma gidan ya koma hannun hukumar da ke kula da shi don masu kallo. Yaƙin Duniya na Biyu bai yi masa ɓarna sosai ba. A 1990 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, a 1991 aka mayar da gawar sarkin aka binne ta a farfajiyar gidan kamar yadda ya yi wasiyya. Mai ziyara yakan sayi tikiti mai ɗauke da lokacin shiga, ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Ba sarki, ba bafade, ba mai ƙara. Abin lura a nan shi ne, ginin ya tsaya cak ne domin rayuwar da ke cikinsa ta ƙare, ba wanda zai ce ɗaki ya yi masa kaɗan a rushe a faɗaɗa.

3.0 Zamfara a Wannan Zamani

A shekarun da ake ɗora zinariya a bangon Sanssouci, Birnin Zamfara, wanda kufansa ke kusa da Isa ta yau, yana cikin manyan biranen ƙasar Hausa. Labarin gargajiya ya nuna cewa daga Dutsi sarautar ta taso kafin ta kafu a wannan birni. Gobirawa sun shigo ƙasar a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama a gonakin Alƙalin Zamfara, inda sunan Alƙalawa ya samo asali. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a zamanin Sarki Maroƙi. Alƙalawa ta gaje shi, ita ma masu jihadi suka ci ta a 1808. Watau a cikin shekara hamsin manyan fadoji biyu suka zama kufai a wuri guda.

Amma sarautar Zamfara ba ta mutu tare da birninta ba. Ta yi zama a Kiyawa, ta yi a Sabon Gari, inda jama'ar Shehu Usmanu suka sauka a 1805 a zamanin Sarki Abarshi, ta taɓa waɗansu wurare, sa'an nan wajen shekarun 1820 ta sami gindin zama a Anka, a kwarin Gulbin Zamfara. A zamanin Turawa Anka da Gummi da Bukkuyum gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 aka ɗaga darajarsu suka zama masarautu, aka kuma ba Sarkin Zamfaran Anka shugabancin majalisar sarakunan jihar.

Wanda ya fara tsara wannan tarihi a littafi mai zaman kansa shi ne Kurt Krieger, ma'aikacin gidan tarihin al'adu na Berlin. Ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950, ya buga littafinsa Geschichte von Zamfara, watau Tarihin Zamfara, a 1959, ya kuma yi rubutu a kan ginin tukwane a gundumar Anka. Bayansa sai Garba Nadama, wanda ya gabatar da kundin digirinsa na uku a kan tasowa da rushewar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Na farko da Jamusanci yake, na biyu da Ingilishi, alhali da Hausa aka ba da mafi yawan labarin da ke ciki.

4.0 Abin da Harshe ya Nuna

Mai neman ya san inda Bahaushe ya ajiye tarihin sarautarsa sai ya fara duba kalmomi. Hausa ta bambanta gidan sarki da fada, wadda a karin harshen yamma ake furtawa hwada. Gidan sarki gini ne, yana da ƙofa da soraye da cikin gida. Fada kuwa akan ce ta cika, akan ce ta tashi, akan ce ana zamanta. Gini ba ya tashi da azahar ya komo da safe, mutane ne ke yin haka. Daga wannan kalma aka sami bafade da fadawa da fadanci, kowace kuma mutum ko halin mutum take nufi, ba wadda ta shafi tubali ko azara. In sarki ya fita rangadi ya zauna a gindin tsamiya da mutanensa, nan fada take a ranar.

Sunayen sarautun garuruwan nan uku sun ƙara tabbatar da haka. Mai sarautar Anka ba Sarkin Anka ake ce masa ba, Sarkin Zamfara ne. Na Gummi Sarkin Mafara ne. Na Bukkuyum Sarkin Danko ne. Ba ɗaya daga cikinsu da sunan sarautarsa ya dace da sunan garin da gidansa yake. Wannan kuwa ba ya tsaya ga yammacin Zamfara kaɗai ba: akwai Sarkin Katsina a Gusau da Maraɗi, da Sarkin Gobir a Sabon Birni da Isa, da Sarkin Kabi a Argungu, da Sarkin Zazzau a Suleja. Waɗannan sunaye suna ɗauke da labarin asali, ko na ƙaura, ko na da'awar gado. Idan birni ya faɗi, akan ɗauki tambura da takobi da sunan sarauta da jerin sunayen kakanni, a tafi da su, a tara magina a wani wuri. Abin da Bature ya ajiye a dutse da zinariya, Bazamfare ya ajiye shi a laƙabi da kirari da bakin makaɗa. A duk lokacin da aka ce Sarkin Zamfara a Anka, an ambaci birnin da ya rushe shekara fiye da ɗari biyu da sittin da suka wuce. Mutanen da suka riƙe suna haka ba za a ce ba su san darajar tarihi ba.

5.0 Ado a Ginin Ƙasa

Sai dai wannan ba hujja ba ce ta raina gini, domin ginin ƙasa na Hausa fasaha ce babba, gidajen sarakuna da masallatai kuma su ne inda ta kai matuƙa. Magini yakan tayar da bango da tubali, mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, in aka shimfiɗa ta a kwance ba ta ɗaukar nauyin ƙasa fiye da kamar taku shida. Don a sami soro mai faɗi sai aka ƙago bakan gizo, inda ake ɗaura azara a kan azara tana leƙowa daga bango har bakuna su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga. A waje akan shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kan rufi kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, don kada ruwa ya ratsa. Zanko yana bisa kusurwa, indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin bango. Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, shi ne shaidar inda wannan fasaha za ta iya kaiwa.

Zanen bango na Hausa da rokoko sun yi tarayya a abu biyu. Dukansu layi mai lanƙwasa suke so, dukansu kuma suna buƙatar hannun gwani a kan abu ɗanye, wanda in ya bushe ba gyara. Da ma Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Amma sun rabu a abu biyu masu muhimmanci. Rokoko yana kwaikwayon halitta, har da surar mutum da dabba. Zanen Hausa na fada da masallaci ya kauce wa wannan, ya riƙe dagi da takobi da da'ira da murabba'i, irin waɗanda ake gani a aikin riga da na dukanci da zayyanar allo. Har wa yau rokoko yana ɓoye ƙashin gini, ya rufe mahaɗar bango da rufi da ganyen zinariya. Maginin Hausa kuwa ƙashin ginin shi yake fitarwa fili, ado ya bi bakan gizo daga gindi har ƙoli, ta yadda mai kallo zai ga inda nauyin rufi yake sauka. Ta wannan fuska ginin Hausa ya fi gaskiya, ko da rokoko ya fi shi ƙyalli.

Rauninsa ɗaya ne, shi ne ruwa. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, kowace shekara kafin damina. In aka yi shekaru kaɗan ba a taɓa shi ba, sai rufi ya fara yoyo, azara ta ruɓe, soro ya zube. A da wannan aiki yana wuyan Sarkin Magina da mutanensa, da bayi, da talakawan da ake tarawa su kwaɓa ƙasa ba lada. Bai kamata mai yabon tsohon gini ya manta da wannan ba, kamar yadda bai kamata mai kallon zinariyar Potsdam ya manta da manoman Furusiya da suka biya harajinta ba. Da wannan tsari ya kau, sai yaɓe ya zama abin biya da kuɗi kowace shekara, siminti da kwano suka zo da alkawarin a yi sau ɗaya a huta. Ga kuma ƙarin girma da masarautu suka samu, wanda ya sa jama'a ke ganin darajar sarkinsu ba ta cika sai da sabon gida irin na zamani.

Abin da ake sukar yawancin sababbin gidajen sarauta na ƙasar Hausa da shi ba sabuntarsu ba ce. Laifinsu shi ne sun ɗauki siffar tsohon ado sun bar dalilinsa. Akan ga zanko na siminti a kan rufin kwano, inda ba abin da yake yi. Akan ga dagi da aka zuba a ma'auni guda aka jera shi sau hamsin, duk iri ɗaya, alhali daɗin zanen hannu shi ne ba biyu da suka zama ɗaya. Akan ga baka da aka zana da fenti a jikin bangon da ƙarfe ke ɗauke da shi. Sa'an nan tsohon soro mai kaurin bango yakan yi sanyi da rana tsaka a watan bazara, sabon zaure kuwa in wuta ta ɗauke ba mai iya zama cikinsa.

6.0 Ziyara a Yau

Mai zuwa fada a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba tikiti yake saye ba. Sallama yake yi, a yi masa iso, ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai su amsa. Abin da zai gani shi ne abin da Potsdam ta rasa tun 1918: masu ƙara, da hakimai da dagatai, da malamai, da makaɗa, ran salla kuma dawaki. Wannan shi ne abin kallo na gaske a waɗannan garuruwa, kuma ba a iya sa shi a bayan gilashi.

Amma isa wurin kansa ya zama abin tunani. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Bayan wannan sai ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye dazuzzukan yankin. A watan Janairu na 2022 an kashe mutane masu yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin nan biyu cikin 'yan kwanaki. A 2024 ambaliya ta rushe gidaje da yawa a Gummi. Ɗalibin da a da zai hau mota daga Gusau ya bi ta Mayanci ya kwana bakwai a Anka yana zantawa da dattawa, yanzu sai iyayensa da malaminsa sun yi shawara tukuna.

Akwai wani abu da ya faru a Anka wanda ya cancanci masu nazari su tsaya a kansa. A 2019 da shekarun da suka biyo baya, ɗimbin mutanen da aka kora daga ƙauyukansu sun sami mafaka a cikin ginin sabon gidan sarki wanda ba a gama ba, ƙungiyar likitoci ta MSF tana duba marasa lafiyarsu. Zaman wahala ne, ba wanda zai yi masa ado. Duk da haka ya nuna abin da aka faɗa a baya. Gidan da aka fara don ƙawa, kafin a gama shi sai ya yi aikin da aka san ƙofar sarki da shi tun asali, watau wurin da wanda ya rasa madafa yake dosa. Sanssouci an gina ta don sarki ya guje wa damuwar jama'a, wannan kuwa damuwar jama'a ce ta tare a cikinsa.

Hatsarin da ke cikin wannan hali shi ne, tarihin da aka ajiye a baki yana buƙatar zaman lafiya fiye da wanda aka ajiye a dutse. Dattawan da Krieger ya zauna da su sun daɗe da kaura. Idan ƙauye ya watse, makaɗin da ya san kirarin dagatansa na da yakan ɓace a cikin birni. Idan magini ya koma aikin bulo, jikansa ba zai san bambancin bakan gizo da ɗaurin guga ba, kalmomin su saura a ƙamus kaɗai. A nan ne masu wancan hukunci suke da gaskiya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa auna fadojin Zamfara da ma'aunin Sanssouci kuskure ne, domin ɗaya gida ne da rai ya fita ya bar gini, ɗayar kuwa sarauta ce da ta saba barin gini ta tsira da ranta. An kuma ga cewa wannan sabo yana da iyaka, tun da a da in an bar soro akan tafi da maginin da zai tayar da irinsa, yanzu kuwa maginin ne ake rasawa.

Ba sai an je Jamus neman mafita ba. A Argungu sarakunan Kabi sun zauna a tsohon gidansu har 1942, da suka koma sabo ba a rushe tsohon ba, a 1958 aka buɗe shi ya zama Gidan Tarihi na Kanta. A Kano haka aka yi da Gidan Makama. Ya kamata duk masarautar da ke da sauran tsohon soro ko ƙofa ko guntun ganuwa ta bar shi tsaye, ta ware kuɗin yaɓensa na shekara, ta danƙa shi ga magina na gado, domin yaɓen nan shi ne makarantar da yaransu za su koyi sana'ar. Ya kamata a auna abin da ya saura a zana shi a takarda, kamar yadda Dmochowski ya yi wa gine-gine da yawa na Nijeriya, har aka iya tayar da kwaikwayon masallacin Zariya a Jos. Sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Gusau suna da ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa, waɗanda ke iya shiga inda baƙo ba zai iya ba. Su ya dace a ɗora wa tattara kalmomin gini da na fada a karin harshen Zamfara, da kirarin sarakuna, da tarihin laƙabin Mafara da na Danko. Littafin Krieger kuwa, a samar da shi cikin Hausa, a kai shi Anka a karanta a gaban fada, dattawan da suka saura su ce ga inda baƙon ya ji daidai, ga kuma inda ya kuskure.